Salansar Fijo

Baba Zubairu ya yi shekaru yana tuƙa manyan mutane a Alƙahira, har idonsa ya fara hazo aka sallame shi. Bai fita da gida ba, bai fita da gona ba. Abin da ya tara ƙananan motoci ne na ƙarfe, irin na zamanin da, kowace ba ta wuce tafin hannu ba. Akwai Marsandi, akwai Ofel, akwai Shabarole mai fiffike a baya. Suna jere a kabad ɗin gilashi a ɗakinsa na unguwar Arba wa Nus. Jikoki ba sa taɓawa. Baƙon da ya kira su kayan wasa kuwa ba ya sake shan shayi a gidan.

Wadda ya fi ji da ita baƙar Fijo 403 ce, don irinta ya fara tuƙawa. A kasuwar tsofaffin kaya ya tsince ta, salansa ta karye ta ɓace. Lanƙwasa waya ya yi mata sabuwa ba wuya ba ne a wurinsa, amma ya manta ta inda bututun yake bi a ƙarƙashi. Shi kuwa ba ya aikin kintace.

Sai aka gaya masa akwai ta gaske a wani lungu na Wustul Balad, tsakiyar birnin, an daɗe ba a tayar da ita ba.

Shekarar 2014 ce, lokacin da bam a mota yake tashi da mutane a tsakiyar gari. 'Yarsa Mahasin ta tare shi a bakin ƙofa.

"Baba, don Allah ka bari. Ko jaka mutum ya ajiye yanzu sai an taru a kansa. Ga iƙamarka, takardar zamanka a ƙasar nan, ta ƙare, ba a sabunta ba."

"Na tuƙa garin nan tun ba a haifi masu tsaronsa ba."

"To su ba su sani ba."

"Matsa."

Ya sami motar, ƙura ta rufe ta, tayoyi sun kwanta. A ƙarshen lungun akwai wani ofishin gwamnati da aka kewaye da buhunan yashi. Bai ko dube shi ba. Ya zagaya motar, ya leƙa ta gilashi, ya durƙusa, gwiwa ta ƙi. Mai gadin benen da ke gefe yana zaune a benci, yana bin sa da ido. Baba Zubairu bai yi masa sallama ba, ya juya gida.

Washegari ya dawo da kwali da tocila, ƙaramar Fijo tana cikin jakar leda. Ya shimfiɗa kwalin, ya kwanta, ya tura kansa ƙarƙashi. Ga bututun nan, tsatsa ta ci shi amma hanyarsa tana nan. Ya bi shi da haske a hankali, yana gyaɗa kai.

Can sai ya lura lungun ya yi shiru. Rediyon wani mai shayi da ke da rumfa a gefe ya mutu. Daga inda yake kwance ya ga ƙafafu, silifa da takalma, suna ƙaruwa, ba wanda ya matso.

Aka ja shi ta idon sawu.

"Me ka sa a ciki?" in ji mai gadi.

"Ban sa komai ba. Cika ni."

"Jiya ma ya zo! Na gan shi yana aunawa!"

"Daga ina kake? Ina fasfonka?" wani ya tambaya daga baya.

Da ya yi musu bayani a tsanake, da wataƙila sun yi dariya. Amma bai saba yi wa masu gadi bayani ba. Ya cusa hannu a jakar don ya nuna musu. Wata mata ta ƙwala ihu. Mai gadi ya doke hannun, ledar ta faɗi, ta yi ƙarar ƙarfe a kan kwalta.

Mutane suka watse zuwa bakin lungu. Masu shaguna suka ja ƙofofi. Ledar ta rage ita kaɗai a tsakiyar titi, iska tana kaɗa bakinta. Wani yana waya, yana faɗin sunan layin.

Mai shayi, dattijo kamarsa, ya raɓo kusa ya yi ƙasa da murya.

"Ya hajji, hankalinsu yana kan ledar. Bi ta bayan rumfata, za ka fita kusa da tashar jirgin metro. Yalla, yi sauri."

"Motata da ke cikin ledar fa?"

"Khalas, manta da ita. In suka tafi da kai, da wannan baƙar fatar taka, ba wanda zai san inda kake."

Baba Zubairu ya dubi hanyar. A buɗe take, ba kowa. Ya tuna Mahasin a bakin ƙofa. Ya sake duban ledar. Gaban Fijo ya leƙo, fitila ɗaya ta fashe. Ya san abin da ake yi wa kayan da ake zargin bam ne: a rufe shi da buhu, a tarwatsa.

Ya kakkaɓe rigarsa, ya tsaya.

Motar 'yan sanda ta toshe bakin lungun, wata ta toshe bayan rumfar shayi. Wani jami'i ya sauko, matashi, hannunsa a ƙugu. Ya dubi ledar daga nesa, sannan ya dubi jama'a.

"Ta wane ne?"

Mai shayi ya sunkuyar da kai, ya koma wurin butarsa.

"Tawa ce," in ji Baba Zubairu.