Gadon Waƙoƙin Yu

A ƙungiyar waƙa ta tsofaffin unguwarmu, nan bayan tsohuwar masaƙa a Kiryu, mutum ba ya tashi haka kawai ya rera waƙar da ransa ke so. Ina, ai sai a ce gidan ba babba! Kowa da gaɓarsa. Ranar da ka shiga, Shugaba Tatebayashi zai dube ka sama da ƙasa ya yanka maka gaɓar kalma ɗaya, kamar A ko Yu, daga ranar kuma duk waƙar da za ka danna a na'urar karaoke, mai sakin kiɗa mutum ya bi da murya, dole sunanta ya fara da wannan gaɓar. Shi ya kafa dokar tun wata rigima da aka yi a kan waƙa guda, har wata tsohuwa ta watsa wa 'yar'uwarta shayi. Shi kansa Shugaba ya riƙe A, inda waƙoƙin soyayya suke jibge, ya ce wai nauyi ne ya ɗauke wa jama'a.

Kuramochi, tsohon marini, Nu ya samu don ya shigo a makare. Nu fa! Abin da ya iya tsinta a ciki bai wuce waƙar wata jiƙaƙƙiyar lema ba, da ta kwaɗin fadama, sai wata ta tallan dusar shinkafa. Shekara da shekaru, duk Talata da rana a shagon shayin Fujie inda ake taruwa, su yake ta juyawa. Da zarar ya miƙe sai mutane su tuna suna jin fitsari. Abin yana ci masa rai ƙwarai, amma kullum sai ya rusuna ya ce an kyauta masa.

Ana nan sai Hoshina mai Yu ya mutu. Yu kuwa gona ce mai albarka, waƙoƙin mafarki da na dusar ƙanƙara da na faɗuwar rana duk a nan suke. A cikinsu akwai wadda Kuramochi ya yi wa matarsa Chiyono alkawari, tun suna saurayi da budurwa, cewa wata rana zai tsaya gaban mutane ya rera mata. Da ƙuruciya kunya ta hana shi, daga baya aiki ya cinye shi, da ya tsufa kuma ya tarar da dokar Shugaba. Ga shi likita ya ce da bazara za a yi masa aiki a maƙogwaro, kada ya sa rai muryar za ta dawo. In bai sami Yu yanzu ba, alkawarin ya bi ruwa.

Bisa tsari kuwa shi ne na gaba, don ba wanda ya kai shi daɗewa a kan busasshiyar gaɓa. A wurin jana'izar ya yi kuka sosai, sai dai gaskiya ɗaya ce, rabin hawayen na murna ne.

Ranar rabon gado, Chiyono tana kakkaɓe masa kwat ta ce, "Baban yara, in an ba ka, ka karɓa. Ban da wannan noƙe-noƙen naka."

"Ke me kika sani? A miƙo abu in wawure kamar wanda ba a yi wa tarbiyya ba? Sau biyu ake ƙi, a na uku a karɓa. Ko lemo aka ba ubana haka yake yi."

"Lemo ba ya gudu."

"Kwantar da hankalinki, na shirya jawabina tsaf."

"Ai shi nake tsoro," in ji ta.

Duk da haka ta sa kimononta na fita biki ta biyo shi, ita da ba ta taɓa taka shagon ba. Ta sami kujera a can baya ta ɗora jaka a cinya. Fujie ta jingina hoton marigayi a kan na'ura, ta ajiye masa kofin shayi a gaba. Aka zuba gyaɗa da busasshiyar wainar shinkafa, tsofaffi suka yi ta ƙwas-ƙwas da haƙoran roba, har Shugaba ya miƙe ya gyara murya. Ya yi bayanin tarihin ƙungiya, wanda in ka saurara da kyau tarihinsa ne, sannan ya juyo.

"Kuramochi-san, ƙungiya ta ga ya dace Yu ta dawo hannunka."

Kuramochi ya miƙe ya rusuna. "Haba Shugaba, wane ni! Muryar tawa kamar ƙyauren da bai sha mai ba. A duba wanda ya cancanta."

Ɗaki ya ɗauki gunaguni mai daɗi. Wata tsohuwa ta ce, "Kun ji mutanen da." Wani ya ce, "Irinsu sun ƙare." Kai, yabo mugun abu ne ga wanda bai saba ba! Tunda Kuramochi yake shigowa shagon nan ba a taɓa gyaɗa masa kai ba sai yau. Nan take kansa ya fasu.

"Ka daure, Kuramochi-san," in ji Shugaba. "Marigayi ma zai ji daɗi."

Nan fa ya kamata ya ce a'a a gajarce ya jira ta uku. Amma ina, jawabi ya riga ya taso, ya kuma ƙara masa gishirin da bai shirya ba.

"Shugaba, wa ya isa ya taɓa Yu bayan Hoshina-san? Ni ban isa ba. A gafarce ni, babu wanda ya isa a ɗakin nan. Duk bakin da ya buɗe da Yu bayansa, to kabarinsa ya taka!"

Hoshinan da in ya ja waƙa karen maƙwabta ke taya shi, shi ake wa wannan kirarin.

Kuramochi yana sunkuye, bakinsa har ya haɗa "to, tunda kun matsa", kunne kawai ya kasa. Sai ya ji ana fyace hanci. Ya ɗago ya ga Shugaba da hankici a ido. Shugaban nan kuwa da ma Yu ta daɗe tana tsone masa ido, don ita kaɗai ke raba masa tafi.

"Jama'a, kun ji magana," in ji Shugaba. "Kunya ta kama ni da ban riga shi tunanin ba. Daga yau an rufe Yu. Ta bi mai ita."

Tafi ya ɓarke, raf-raf-raf, irin wanda Kuramochi ya yi shekaru yana mafarki.

"Kuma tunda shawararka ce, Kuramochi-san, kai ne mai tsaronta. Ko baƙo ne ya danna Yu a shagon nan, kai za ka tashi ka kashe na'ura."

To yaya mutum zai yi? Ya miƙe ya ce ƙarya nake, al'ada nake bi, a taimaka a sake tambayata? A gaban hoton mamaci? Ya dubi fuskokin da ke masa murmushi, bai yarda ya dubi kujerar baya ba. Ya rusuna har goshinsa ya kusa taɓa tebur, ya ce ya gode da wannan girma. Hawaye suka ɗiga a kan gyaɗa, baƙin ciki kamar ya kashe shi, tsofaffi kuwa suka ce dubi yadda yake ƙaunar marigayi.

Da aka tashi suka biyo bakin kogi, rana ba ta ko faɗi ba, Chiyono a gaba, shi a baya yana jan ƙafa. Ba ta ce na faɗa maka ba, wannan ya fi yi masa ciwo. Da suka zo kan gada ta tsaya, ta duba hagu da dama.

"To, Baban yara, ba kowa. Na haƙura da taron. Rera mini a nan."

Kuramochi ya gyara tsayuwa, ya ja numfashi, ya buɗe baki. Waƙar tana nan daram, baiti ɗaya bai manta ba. Chiyono ta rungume jakarta tana jira, idonta a kansa. Sai ya rufe bakin a hankali, ya sunkuyar da kai.

"Ba zai yiwu ba," in ji shi. "Amana aka ba ni."