Gwaggon Rediyo

Matan ajin karatu na yamma ne suka yanke shawarar kai ziyara gidan marayu, kuma tun da Malama ta ambaci wanda za a je, hankalin Tela, mai ɗinkin ajin, ya tashi. Gidajen marayu ba ɗaya ba ne a garin, amma sai aka zaɓi na bayan asibiti, wanda kwamitin babban masallaci yake riƙe da shi, inda ake renon marayu da yara masu naƙasa. Kafin ta sami abin cewa mata sun raba aiki. Wasu za su kawo sabulu da man shafawa, wasu madara da biskit, ita kuwa aka ce ɗinki nata ne, tunda duk ajin babu mai hannunta.

Abin da matan ba su sani ba, Tela tana da 'ya a gidan. 'Yar ƙanenta ce. Uwar yarinyar ta rasu wajen haihuwarta, ita kuma ta zo duniya da rauni a gadon baya, ƙafafunta ba sa motsi. Uban, mai gyaran wutar lantarki ne, shi ya riƙe ta har ta shekara huɗu, sannan ciwon hanta ya kwantar da shi bai tashi ba. Tela ta ɗauke ta bayan rasuwar, da kuka da alkawari. Ba ta cika wata shida da ita ba. Gidansu a hawa na uku yake, kullum sai an goya yarinyar a hau a sauko, ga fitsari da ba ta iya riƙewa, ga 'ya'yan Tela uku, ga maigida da ya fara tsaki idan ya shigo ɗaki. Ranar da wata mai kawo ɗinki ta shinshina yadinta ta yatsine fuska, a ranar Tela ta yanke hukunci. Ta kai yarinyar gidan marayu, ta ce wa mutane dangin uwarta ne suka zo suka tafi da ita. Da farko tana leƙawa duk wata. Sai aiki ya yi yawa, sai kunyar daɗewar da ta yi ta hana ta komawa, kunyar kuma ta yi ta ƙaruwa har shekara biyar ta wuce.

Ta ɗinka rigunan manya da matsakaita da ƙanana, kamar yadda aka ce. Daga ƙarshe ta yanko wani yadi ruwan ɗorawa mai laushi, ta ɗinka riga guda da maɓallai a baya tun daga wuya har ƙasa, yadda za a iya sa wa yaron da ke zaune ba sai an ɗaga shi ba. Awon da ka ta yi shi. Ta tuno jikin yarinyar, ta ƙara abin da take ganin shekaru sun ƙara, ta ninke rigar ta sa a ƙasan jaka.

Ranar ziyarar ta ja mayafinta har goshi, ta tsaya a bayan mata. Gidan bai canza ba sosai, sai dai an yi wa baranda sabon fenti, an kuma zuba siminti mai gangara a bakin kowace ƙofa saboda kekuna. Shugabar gidan, wata dattijuwa da yara ke kira Mama Babba, ta tarbe su a bakin ƙofa tana gaisawa da kowa hannu da hannu. Da ta zo kan Tela ta ɗan riƙe hannun fiye da na saura, ta dube ta, ta ce sannu da zuwa, ta wuce gaba.

An tara yaran a babban ɗakin da suke salla da karatu. Wasu na zaune a tabarma, wasu a kekuna, wani yaro makaho yana riƙe da gefen rigar abokinsa. Tela ba ta sha wahalar nema ba, muryar ce ta fara iske ta. Wata yarinya ce a keken guragu kusa da taga, tana ba baƙi labarin kowa: wane ba ya cin kifi, wance jiya ta faɗi a banɗaki amma ba ta yi kuka ba, famfon baya ya lalace tun makon jiya ba a gyara ba. Mata suka yi ta dariya, Mama Babba ta ce ai shi ya sa ake ce mata Rediyo, ba a kashe ta sai barci ya ɗauke ta. Goshin ƙanen Tela ne a fuskar, har da wushiryarsa.

Tela ta tsaya tana jiran a kira ta Gwaggo a gaban mata, har ta shirya abin da za ta ce. Idon yarinyar ya zo kanta, ya tsaya daidai yadda ya tsaya a kan sauran, ta ce, “Anti, sannu da zuwa,” ta juya ga ta kusa da ita.

Abin da Tela ta fara ji sanyi ne a ranta, na an rufa mata asiri. Nan take kuma ta ji kunyar wannan sanyin, har ta rasa inda za ta sa idonta.

Aka fara raba kaya. Mama Babba ce ta zaro rigar ruwan ɗorawar, ta juya ta, ta ga maɓallan, ba ta tambayi kowa ba ta nufi taga da ita. Sai dai rigar ta ƙi shiga. Tela ta auna yarinya siririya, ba ta yi tunanin shekarun da aka yi ana tura keke da hannu ba. Kafaɗun Rediyo sun buɗe, damatsanta sun cika, maɓallan sama suka ƙi haɗuwa. Malama ta ɗaga murya ta ce ga mai ɗinkin nan, a ba ta ta gyara. Aka samo allura da zare da reza, aka tura su ɗakin kwanan 'yan mata su biyu.

Tela ta durƙusa a bayan keken tana farke ɗinkin kafaɗa, Rediyo kuwa ba ta rufe baki ba. Ta tambaye ta ko keken ɗinkinta na wuta ne ko na ƙafa, ko allura ta taɓa huda mata yatsa, ko gaskiya ne teloli ba sa cika alkawari. Sannan ta ce, “Ni ma gwaggona tela ce. Ta yi tafiya ne, can nesa, shi ya sa ba ta zuwa. Anti, ku teloli ai kun san juna. Kin san ta?”

Rezar na hannun Tela, sai da ta ajiye ta a kan gado don kada ta yanki yarinyar. Ta ce teloli suna da yawa.

“Haka ne,” in ji Rediyo. “Amma in kin gamu da ita ki ce mata na iya karatu yanzu. Kuma na daina jiƙa shimfiɗa, ana sa mini robar fitsari, ni nake cirewa da kaina.”

Tela ta ce za ta faɗa mata. Ta gama gyaran kanta a sunkuye, ta ɓalla maɓallan ɗaya bayan ɗaya, yatsunta suna taɓa tabon aikin da aka yi wa yarinyar a baya tun tana jaririya. Rediyo ta fita da gudu a kekenta tana nuna wa kowa rigar.

A mota, wajen komawa, mata suna ta yaba gidan suna share hawaye. Wata mai kantin magani, wadda ta je gaisuwar rasuwar ƙanen Tela a wancan lokaci, ta juyo ta ce yarinyar nan mai surutu ta tuna mata da 'yar marigayi, ko tana nan lafiya a wurin dangin uwarta? Tela ta ce lafiya lau take. Da ta sauka a bakin titinsu, ta wuce gida kai tsaye.

Kwana biyu ɗinki ya ƙi yi mata daɗi. Ta yanka hannun riga biyu duk na dama, ta ɗinka aljihu a bai-bai. Da safe, maigida yana shan shayi zai fita aiki, ta faɗa masa inda suka je da abin da ya faru. A ranta ta daɗe tana ɗora masa rabin laifin, tana jira ya yi tsakin nan nasa ta sami abin kamawa. Sai ya ajiye kofin ya dube ta da mamaki, ya ce shi duk shekarun nan ya ɗauka tana zuwa, bai tambaya ba ne don yana jin nauyin yadda ya yi a lokacin.

Ta rufe shago ta koma gidan marayun ita kaɗai. Ta sami Mama Babba a bayan gida tare da ma'aikata biyu, suna shanya ledojin shimfiɗa da zannuwan gado. Dattijuwar ta sallami ma'aikatan, ta miƙa wa Tela gefen wani zane suka matse tare. Tela ta fara ba da haƙuri, tana kawo zancen bene da shago da yara, Mama Babba ta bar ta har ta gaji ta yi shiru don kanta.

“Ni na ce wa yarinyar kin yi tafiya,” in ji dattijuwar. “Ta dame ni da tambaya, na rasa abin faɗa. Ƙarya na yi, kuma duk sanda ta tayar da zancen sai na nemi gafarar Allah. Ba don ke na yi ba.”

Tela ta ce yau za ta faɗa wa yarinyar gaskiya, in ma an yarda ta tafi da ita gida. Mama Babba ta girgiza kai. Ta ce ta ga dangi da yawa da suka zo da kuka, suka rungume yaro, suka tafi ba su dawo ba, ita kuma aka bar ta da yaron da ya daina cin abinci. In da gaske Tela take, ta riƙa zuwa duk Asabar ta kama aiki kamar kowa. In ta ɗore, sai a yi maganar faɗa.

Haka aka yi. Tela ta koyi ɗaga yaro daga keke ba tare da ta ji wa bayanta ciwo ba, ta koyi juya waɗanda ba sa iya juyawa don kada kwanciya ta ci musu fata, ta koyi ba wani yaro abinci a hankali saboda yana ƙwarewa. Ranar farko da aka ba ta wankin ledoji, zuciyarta ta tashi, ta fita ta yi amai a bayan famfo, ta wanke baki ta dawo. A ajin yamma kuma ta tsayar da mai kantin magani bayan an tashi, ta ce mata amsar da ta ba ta a mota ba gaskiya ba ce. Matar ta ce “Allah ya sa mu dace,” amma Tela ta ga yadda ta kawar da kai, kuma kafin mako ya zagayo duk ajin sun ji. Ta ci gaba da zuwa karatu, tana zama a sahun baya.

Bayan wata uku Mama Babba ta ce lokaci ya yi. Tela ta tura Rediyo ƙarƙashin bishiyar da ke tsakar gida, ta zauna a ƙasa gabanta ta faɗa mata cewa ita ce gwaggonta. Yarinyar ta daɗe tana kallonta, tun daga mayafi har takalmi.

“Garin da kika je, da nisa?”

“Ban je ko'ina ba. Shagona yana nan cikin gari. Mota ɗaya ake shiga daga nan.”

Rediyo ta kama ƙafafun kekenta ta juya, ta tura kanta ɗaki. Ranar ba a ji muryarta ba har yara suka riƙa tambaya ko ba ta da lafiya. Asabar ɗin da ta biyo baya ta ce ita ba Tela za ta yi mata wanka ba, haka ma ta gaba. Tela ba ta matsa ba, ta yi aikinta a ɗakin ƙanana ta tafi. Da aka tambayi yarinyar ko tana so ta koma gidan gwaggonta da zama, ta ce a'a, nan ne makarantarta, nan ƙawayenta suke, kuma wa zai riƙa karanta wa makahon nan littafi? Ba a sake tayar da zancen ba. Ba ta kuma kira ta Gwaggo ba, Anti Tela take cewa, kamar sauran yara.

Wata Asabar, mai shafa wa yara mai ba ta zo ba, aikin ya faɗo kan Tela. Ta zauna bakin gado ta ɗora siraran ƙafafun a cinyarta tana murzawa, Rediyo tana kallon silin. Can ta ce, ba tare da ta dube ta ba, “Babana yana da surutu?”

Tela ta ce ya fi ta. Ta ce yana yaro har kujera aka canza masa a aji saboda ya hana na kusa da shi karatu, kuma ya taɓa kwance rediyon babansu don ya ga mutanen da ke ciki, ya kasa mayarwa, ya ɓoye a ƙarƙashin gado har yamma. Rediyo ta danne dariya, ta tambaya ko an doke shi. Tela ta ce ita aka doka, don ita ce babba.

“Ki shafa tsakanin yatsun,” in ji yarinyar. “Nan ne yake tsagewa. To daga nan sai me ya yi?”