Itatuwan Kan Iyaka

'Ya'ya biyu na haifa, maza, kuma wallahi da za a ce in zaɓa tsakaninsu da saniyata Goshi, sai na tsaya na yi tunani. Kada wanda ya ce min "haba Inna". Ku bari in gama tukuna.

Ni da marigayi ubansu muka dasa layin itatuwan nan a tsakiyar gona, irin masu ƙananan ganye da dabbobi ke so, waɗanda ba sa bushewa duk tsananin rani. Da tulu na shayar da su har suka kama, ina goye da Auta, Dogo yana riƙe da gefen zanina. Ƙa'idarsu ba wuya. Ka sari wannan ɓangare daidai ƙugu, ka ƙyale shi ya huta har sabon reshe ya kai kaurin babban yatsa, kafin nan kana can kana saran wani. Ganyen kuma ba a zuba wa dabba shi ɗanye shar. Sai ya sha rana ya yi laushi, a haɗa da kara ko dusa, a ba ta kaɗan-kaɗan. Tun suna yawo ba wando suka san wannan.

Da ubansu ya rasu aka raba gonar biyu, sai layin ya faɗo daidai kan iyaka. Shi ke nan. Abin da ya fara haɗa su ban sani ba, kowa da irin ƙaryar da yake faɗa min. Na dai san gaisuwa ta ƙare, magana ta ƙare, in sun haɗu a hanya kowa sai ya kama kallon takalminsa.

Sai aka shiga tsere. Dogo ya ga Auta ya sari reshe, gobe shi sai ya sari uku. Auta ya ga haka, ya zo da adda ya kwashe na kusa da su tun ba su nuna ba. Ba don awakinsu na jin yunwa ba fa, don dai kada ɗan'uwa ya samu. Na ga ganye ya ruɓe a bayan turken Dogo, na ga na Auta kaji suna tonon sa. Kafin rani ya raba, layin da nake shiga in ɓace ya zama kututture tsirara, sai ɗan toho mai laushi da ya fara leƙowa.

Goshi ce ta biya. Ita kaɗai ta rage min daga garken ubansu, nononta nake sha, kuma ba abin da nake roƙo sai ta kai saukar ruwa da ranta. Amma haƙarƙarinta ya fito, ana iya ƙirga shi daga bakin hanya. In na shigo sai ta bi hannuna da ido, ni kuwa hannun ba komai.

Ranar da haƙurina ya ƙare, na same su a gona, wannan a wancan ƙarshen layi, wancan a wannan, kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya. Na tsaya a tsakiya na ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji, kuma sun ji.

"Kai Dogo, tsawon banza! Kai kuma Auta, ɗan lelen asara! Ku zo ku ga saniyar uwarku. Ƙartai biyu da gemu, kun kasa ciyar da saniya ɗaya!"

Dogo ya ce, "Inna, ai ki tambayi wancan."

"Wancan ba shi da suna ne? Ni na raɗa masa wancan?"

Auta ya ce, "Inna, ni fa kullum ina cewa a bar miki rabonki, wasu ne ba sa ji."

"Wasu! Tir da ku. Allah ya sa 'ya'yanku su ga abin da kuke yi, su koya."

Na san maganar ta shige su, don matar mai shago tana tsaye da bokitinta, kuma ita labari ba ya kwana a bakinta.

Washegari na tafi kasuwa neman dusa, ƙafata ga ciwo, motar ga jira. Ban dawo ba sai da rana ta yi sanyi. Tun daga ƙofa na ji nishi. Na yar da buhun.

Goshi tana kwance a gefe, cikinta ya kumbura ya yi tauri kamar ganga, harshe a waje, kumfa kore a bakinta. Gaban turken kuwa ganye ne ɗanye shar, wanda ta tattake da wanda ta kasa ci. Toho ne, sabon tohon nan. Na leƙa ta katanga na hango layin. Fes. Ko na sawa a ido ba su bari ba.

Na yi kururuwa, suka shigo a guje, kowa ta nasa gefen.

Dogo ya ce, "Inna, ni dai da hantsi na kawo mata dami guda, don kada a ce..."

Auta ya katse shi, amma ni yake kallo. "Da azahar na kawo nawa. Na tarar ba komai a gabanta, na ɗauka tun safe ba ta ci ba."

Kun ji fa. Saniyar da ta yi wata da watanni cikinta ba komai, wannan ya ɗura mata dami, wancan ya zo ya ƙara mata wani. Ba wanda ya tsaya shanya shi, don kowa yana sauri a ga nasa ya riga. Katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu. Kalma ɗaya, "na ba ta", da ta isa.

Na ɗura mata mai, na danna cikin da gwiwata, na kira sunanta har muryata ta dushe. Ta ɗaga ido sau ɗaya ta dube ni. Sai na ce a kira mahauci kafin ta tafi a banza.

Mahauci ya ce a riƙe masa ƙafafu. Dogo ya kama na gaba, Auta na baya. Rabon da in ga hannayensu a kan abu ɗaya tun makarar ubansu. Na juya fuskata ga bango, na yi kuka, ban ɓoye ba.

Ba a gama fiɗa ba suka fara gardamar ganyen da suka ba ta. Wai nawa ɗan kaɗan ne, wai na wasu ne ya yi yawa, wai da wasu sun tambaya. Har yanzu ba sa kallon juna, ni suke faɗa wa.

Na share hawayena na ce wa mahauci ya miƙo min tumbin. Na ja shi da hannu biyu har tsakiyarsu, na karɓi wuƙar na farke. Ganyen ya zubo, kore, da zafinsa da warinsa, har kan takalmansu.

Na ce, "Ga shi nan. Kowa ya tsince nasa."