Ƙafar Alƙali a Bayan Rumbu

Shekara ashirin da bakwai Eudald ya yi yana tsayawa a bakin rafi da takarda a hannu, yana sa ido a kan ƙafafun mutane. Duk gasar baburan hawan dutse da aka yi a ƙauyukan da ke kan duwatsun garin Ripoll, shi ake ba wurin da ya fi santsi. Dokar kowa ya san ta: ka hau dutse, ka ratsa ruwa, kada ƙafarka ta taɓa ƙasa. In ta taɓa, maki ɗaya ya hau kanka, in kuma ka faɗi ƙasa maki biyar ne, mai ƙarancin maki kuma shi ke tafiya da kofi. Eudald ba ya magana a bakin aiki. Yatsa kawai yake ɗagawa, kuma ba a taɓa jin an lallashe shi ya sauke ba.

Abin dariyar, mutumin nan bai taɓa hawa irin babur ɗin ba. Motar raba wasiƙu ya tuƙa har ya yi ritaya. Don haka ranar da aka ji Alƙali, kamar yadda ake kiransa, da shekararsa hamsin da takwas da tumbinsa, yana neman babur na farko, har waɗanda suka daina gaishe shi sai da suka zo tambayar yaushe zai fara fita.

Ba don su yake yi ba, don 'yarsa Remei ne. Tana da shekara goma sha bakwai, a gasar ƙarshe ta shekara, saura ƙiris ta ɗauki kofin yankin, sai bakin takalminta ya shafi wani dutse. Shafa kawai, ba wanda ya gani sai ubanta. Ya ɗaga yatsa, kuma da makin nan ɗaya kofi ya wuce ta. A satin ta kai wa kawunta Fermi babur ɗinta ta ce ya sayar. Yau shekara goma sha huɗu. Suna gaisawa lafiya lau, in mura ta kama shi ita ke kawo miya, amma zancen babur ya mutu a tsakaninsu. Ta koma hawa daga baya, kowace Lahadi ita da abokanta a kan dutse, ba gasa ba alƙali. Ba ta taɓa ce masa zo mu je ba. Kalmar da yake so ya ji ke nan kafin gwiwoyinsa su ƙi shi.

Fermi ƙanin matarsa ne, yana gyaran babura yana sayar da na hannu a tsohon rumbun ciyawa na gidansu. Asabar uku Eudald ya yi yana koyon tsayuwa a filinsa a kan wani babur na aro, don waɗannan baburan ba su da wurin zama, a tsaye ake yin komai. Asabar ta huɗu ce ranar zaɓe. Fermi kuwa yana da tasa dokar wadda ko limamin coci ba ya ɗaga wa: ba ya sayar wa sabon shiga babur sai ya zagaya da shi daga ƙofa, ya bi ta gefen kwamin ruwan shanu, ya wuce ta bayan rumbu, ya ratsa tsakanin duro biyu, ya dawo ƙafa ba ta taɓa ƙasa ba. Gwaji uku yake bayarwa.

"Jan nan nake so," in ji Eudald, yana shafa tankin wani mai ƙarfin inji ɗari uku da ke ƙyalli a bakin ƙofa.

"Yaya, wannan ai ba na koyo ba ne. Ni da na yi shekara arba'in ina hawa, sai na gaishe shi kafin in taɓa shi."

"Irinsa su Remei suke hawa."

"Su Remei tun suna tsotson yatsa suke kai. Kai kuwa ran Asabar ka gano inda birkin baya yake. Ga mai ɗari da ashirin da biyar can a lungu, lafiyayye, ba ya fushi."

Eudald bai waiwaya ba. Ya san wanda ake nufi. Tsohon babur ɗin Remei ne, shuɗi, da ɗan loɓawa a gefen tanki. Fermi bai taɓa sayar da shi ba, duk shekara yana canza masa mai yana cewa bai sami mai saye ba, alhali ƙarya yake yi. Eudald ya gwammace ya hau jaki ya bi su da ya bayyana a gaban 'yarsa a kan babur ɗin nan.

"Na yara ne," ya ce.

"To kai ɗin mene ne a wannan harka, kakan wa?"

Suna cikin haka mota ta tsaya a bakin hanya, Remei ta fito. Wai man sarƙa ta zo saya. Eudald ya dubi Fermi, Fermi ya dubi sama kamar yana neman hadari. Ta gaishe su, ta haye katangar dutse ta zauna, ta ciro burodin da aka goge da tumatir da man zaitun ta fara ci. Man sarƙar ko ambatonsa ba ta sake yi ba.

"Ku ci gaba, Baba. Kamar ba na nan."

Ina fa kamar ba ta nan. Ya ɗaura hular kwano. Ya tayar da jan, ya hau ya tsaya, ya ɗan murɗa totur yadda ya saba yi wa na aro. Babur ya ce bismillah. Tayar gaba ta tashi sama, kaji suka watse, Alƙali ya bi ta cikin kabejin matar Fermi ya je ya sauka a kan tarin takin shanu, babur na kwance a gefe yana ta kuka.

Fermi bai je ɗaga shi ba tukuna. Sai da ya gyara tsayuwa, ya share hannu a riga, ya ɗaga yatsu biyar sama yadda kowa zai gani.

"Shekara ashirin nake jiran ranar nan, Yaya. Ka tuna rafin Sant Pau, da ka ba ni biyar ranar da aka yi wa ɗana baftisma?"

"Ai faɗuwa ka yi."

"Kai yanzu iyo ka yi?"

A gwaji na biyu tsoro ya sa ya riƙe kuloci fiye da kima, ya sake shi gaba ɗaya, inji ya mutu a gaban kwamin ruwa. Wata biyar ɗin, don a doka mutuwar inji ma faɗuwa ce. Remei ta gama burodinta, ta kakkaɓe cinya, ba ta yi dariya ba. Da ta yi da ya fi masa sauƙi.

Na uku ya zo da mamaki. Ya sassauta gwiwa, ya ɗora yatsa ɗaya a kuloci, ya daina kallon taya ya dubi inda za shi. Babur ya yi tafiyarsa a hankali yana gurnani, suka wuce kwamin, suka shige bayan rumbu inda ba mai ganinsu daga tsakar gida. Can akwai laka inda ruwan indararo ke zuba. Tayar baya ta ɗan zame, ƙafarsa ta hagu ta sauka ta koma kan mataki kafin ya ƙifta ido. Bakin takalmi ne kawai. Ya fito, ya ratsa tsakanin duro biyu kamar ya saba, ya tsaya cak a bakin ƙofa.

Fermi ya cire hula ya sosa kai. "To, ban yi zato ba. Doka doka ce. Ɗauki abinka, Allah ya kiyaye kabejin mutane."

Remei ta tafa sau biyu. "Ba laifi, Baba."

Shekara goma sha huɗu bai ji ta ce ba laifi a kan abin da ya shafi babur ba, daɗi ya cika shi har wuya. Ga ja a hannunsa, ga 'yarsa tana kallonsa da wani ido. Abin da ya rage kawai shi ne ya yi shiru. Ya ce a ransa ai laka ce ta taɓa shi, ba shi ya taɓa ta ba, sai ya tuna mutum nawa suka faɗa masa wannan maganar a bakin rafi, da abin da ya yi musu. Ya kashe inji, ya jingine babur a bango, ya ɗaga yatsa ɗaya.

"Na mene ne kuma?" in ji Fermi.

"Bayan rumbu. Ƙafar hagu."

"Yaya, ba wanda ya gani."

"Ni na gani."

Remei ta diro daga katanga ta zagaya baya. Ta daɗe. Da ta dawo fuskarta ta canza, muryarta kuma ta yi ƙasa.

"Sawun kaza ya fi shi girma, Baba."

"Naki na ranar gasar nan bai ma kai shi ba," ya ce. Bai shirya faɗa ba, maganar ce ta fito. "Na gani, ban iya yin kamar ban gani ba. Kwana uku abinci bai shiga cikina ba, tambayi uwarki."

"Ni na ɗauka don a ce ba ka son kai ka yi. Don mutane su yaba maka."

"Wa ya yaba? Uwarki wata guda ba ta wanke mini riga ba."

Ta yi 'yar dariya, ta goge ido da bayan hannu, ta ce tumatir ne. Fermi, wanda bai taɓa yin shiru a rayuwarsa ba, ya tafi duba kabeji.

Ita da kanta ta shiga lungu ta turo shuɗin. Ta shafa loɓawar tankin da babban yatsa, ta taka shi sau ɗaya ya tashi, da ƙaramar muryarsa mai kama da keken ɗinki.

"Kulocinsa sai can ƙarshe yake kamawa, kada ka yi masa gaggawa. Ba ya son faɗa. Hau."

Ya hau. Ta bi shi a ƙafa, hannunta a baya kamar yadda yake yi a bakin rafi, idonta a kan takalmansa. Suka wuce kwamin, suka shiga bayan rumbu, tayar ta ratsa lakar salin alin, suka fito ta tsakanin duro. Ƙafa ba ta sauka ba. Ya tsaya yana haki, ya dube ta yana jiran hukunci, kuma a lokacin ne ya san abin da mutane suka yi shekara ashirin da bakwai suna ji a gabansa.

Ta dunƙule hannu ta ɗaga, alamar ba maki.

"Lahadi ƙarfe takwas, a gada," ta ce. "Ka zo da burodinka, ba ma rabawa."

"Na ji ba ku ƙirga maki ran Lahadi."

"Ba ma yi. Naka zan ƙirga." Ta miƙa hannu ta cire masa ganyen kabeji daga wuyan riga. "Kuma Baba, ni ma ba na yafewa."