Diskin Bikin Nafisatu

Hamadu bai taɓa riƙe wani abu da tsoro kamar diskin nan ba. Ɗan baƙin akwati ne, bai fi tafin hannu ba, amma bidiyon bikinsu na ciki, Nafisatu tana dariya, tana yi wa ƙawayenta tsiya. Shekara biyar ke nan da ta rasu wurin haihuwar 'yarsu Sadiƙa, kuma duk duniya ba inda muryarta ta saura sai nan.

Bertrand, mai ɗaukar bidiyo a Garwa, shi ya ba shi. Ya ce, "Mon frère, ɗan'uwana, kamar ƙwai yake, ba ya son girgiza, balle yana aiki. Ka kawo mu kwafe a wani wuri." Hamadu ya ce to, amma bai kai ba. Nauyi yake ji wani namiji ya sake zama yana kallon matarsa. Ya ajiye, yana ce wa Sadiƙa sai ta yi wayo zai kunna mata.

Ana nan sai saƙo ya zo daga Banyo: idon Inna Mariam, uwar Nafisatu, ya tafi, ba abin da take roƙo sai ta ji muryar 'yarta.

Ya ari kwamfutar ƙanensa. Ya naɗe diskin a auduga, ya sa cikin ɗankwalin marigayiya, ya ɗaure a ƙirjinsa. Ya ce wa Sadiƙa in ya dawo ita ma za ta ji. Kwana biyu yana hanya, mota sannan moto, wato babur. Duk ramin da suka tunkara sai ya ɗaga jikinsa, ya dafe ƙirji.

Mai moton ya ce, "Malam, jariri ka sato ne?"

"Kai dai bi a hankali."

Lafiya lau diskin ya isa. A tsakar gida Hamadu ya jona shi, ya kunna. Sai ga muryar, tar: "Ke Aisatu, bar min naman kazata!"

Inna ta zabura, tana laluben tabarma, har hannunta ya faɗa kan diskin.

"Baban Sadiƙa! Da ɗumi jikinta. Ji, tana numfashi!"

Ta ɗauke shi ta manna a ƙirji, tana jijjigawa, tana bubbuga bayansa yadda ake lallashin jariri. Hamadu ya buɗe baki. To, ta yaya mutum zai ce wa surukarsa ta ajiye 'yarta? Ya rufe bakin.

Muryar ta tsaya a tsakiyar dariya. Sai wani ɗan ƙara daga ciki: ƙas, ƙas, ƙas.

"Me ya same ta?"

"Batir ne ya ƙare, Inna."

"Bar ta ta huta. Na ji ta, alhamdulillahi."

Da ya koma Garwa, Bertrand ya jona diskin, ya kara kunne, ya girgiza kai. "Allurar da ke cikinsa ta karce farantin, ba abin da zai fita. Ban gaya maka ba? Hanyar Banyo ce ta kashe shi."

"E," in ji Hamadu. "Hanya ce."

A ƙofar gida Sadiƙa ta tare shi, ta riƙe masa riga. "Baba, na yi wayo yau?"

Ya durƙusa. Ya daɗe yana gyara mata ɗankunne. Can ya yi gyaran murya, ya siranta ta iya ƙoƙarinsa: "Ke Aisatu, bar min naman kazata!"

Yarinyar ta ƙyalƙyale da dariya. "Haka Umma take magana? Kamar akuya!"

"A'a, ba haka ba. Tsaya."

Ya rufe ido ya nemo muryar a kansa. Tana nan, yana jin ta sarai. Ya buɗe baki, tasa ce ta fito.

"Sake, Baba," in ji Sadiƙa. "Ina ji."