Buhun Taki Biyu

Ƙarar da katakon ya yi sai da ta watsa kajin maƙwabta daga ƙofar gidan. Malam Ishiyaku ya leƙa cikin ɗan ɗakin da yake haɗawa a kan tayoyin tsohuwar mota, ya ga ƙasansa ya wage baki daidai inda fallayen filawud biyu suka haɗu. Buhun taki ɗaya ya zurma ta ramin yana reto, ɗayan ya kife a gefe.

"Inna lillahi! Shi ke nan, Yaya ta faɗa," in ji Tajuddeen, ya dafe kai. "Allah dai ya sa ba ta karye ba."

"Kai dai ba ka da mutunci."

Tajuddeen ƙanin matarsa Barira ne, kafinta a Rano, kuma tun yana ɗan mitsitsinsa da aka kawo yayarsa gidan nan bai taɓa raga wa mijinta ba. Da sassafe ya hau babur ya zo Kibiya, wai ya zo taimako. Zuwa yanzu dai da dariya kawai ya taimaka.

Shi kuwa Ishiyaku abin ba na dariya ba ne a wajensa. Irin albasarsa ya isa dashe a gonar rani can bakin ruwan Tiga, kuma mai albasa a gona yake tarewa har a cire. Bara da ya tafi, Barira ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida, ba kowa, sai maƙwabciya ce ta tsince ta. Ciwon suga, in ji asibiti. Bana 'yarsu Saudat ta ce ba za a sake ba: gobe za ta zo da mota ta ɗauki uwarta zuwa Kano. Ishiyaku ya san irin wannan tafiyar. Ana cewa wata uku ne, sai a wayi gari an aiko a kwashe kayan ɗaki. Tun da aka kawo masa Barira bai taɓa shan kunun da ba ita ta dama ba in yana gida, kuma tsoron gidan da babu ita yake ji, tsoro na gaske.

Shi ya sa ya ƙirƙiro ɗaki mai taya. Ba kwanan ƙasa, ba raɓa, ba kunama. Kurkurarsa ta ɗaukar albasa za ta ja shi, in jikinta ya motsa kuma a juyo da shi har asibitin Rano. Da ya gaya wa Barira, cewa ta yi, "Ni ba kaza ba ce, Malam, balle a sa ni a akurki." Amma ba ta ce a'a ba. Ta ce sai ta gani da idonta.

Matsalar ita ce falle ɗaya bai kai tsawon ɗakin ba, dole a yi haɗi, kuma haɗin ya faɗo daidai inda mai kwanciya zai sa ƙugu. To, wa ya isa ya tambayi mace nauyinta? Ishiyaku ya yi lissafinsa a zuci. Barira ba ƙaramar mace ba ce. Barira ce ta zauna a benci ranar bikin Saudat, bencin ya ce ga garinku nan. Barira ce in ya goya ta a babur, mai facin taya yake musu barka da zuwa tun daga nesa. Ya yanke cewa buhun taki biyu ne, ba ragi.

"Dubi abin da ka yi," in ji Tajuddeen, yana zare ƙusoshi. "Ka kara baki da baki, ka bi shi da ƙusa kamar mai ɗinkin ƙwarya. Filawud ɓawo-ɓawo ne, bakinsa ba ya riƙe ƙusa."

"Na ji, shugaban kafintocin duniya. Sai yaya?"

"Sai mu yanke inda ya fashe, mu fere bakunan a karkace. Wannan ta sama, wancan ta ƙasa, faɗin tafin hannu biyu, yadda za su kwanta a kan juna ba tudu."

Suka duƙufa. Ishiyaku ne ya karɓi firar bakunan, don hannunsa ya saba da sassaƙar ƙotar fartanya, kuma ya fere bakin har layukan katakon suka fito reras. Tajuddeen ya duba, ya rasa abin kushewa, sai ya ce ai dama tsofaffi sun fi haƙurin aikin banza. Suka shafe fuskokin biyu da gam, suka jira ya fara kama yatsa, suka kwantar da ɗaya a kan ɗaya. Tajuddeen ya bi da sukuru layi biyu a saɓe, ya manna wani tsinken filawud ta ƙasa ya rufe haɗin gaba ɗaya. Ishiyaku ya kafe sai an matso da gungumen giciye ya zauna daidai ƙarƙashinsa. Suka yi musu, suka matso da shi, suka danne da duwatsu.

Bayan azahar Barira ta aiko musu da ɗanwake. Tajuddeen yana ci ya kalli buhunan da ke jingine da bango.

"Mijin Yaya, da ka rage ɗaya. Guda ma ya isa gwaji."

"Ka ga irin halinka ko? So kake yayarka ta zurma a hanyar Rurum, ka samu labarin bayarwa a kasuwa."

"Ba wasa nake ba."

"Kai? Yaushe ka fara?"

Tajuddeen ya buɗe baki, ya fasa, ya ci gaba da cin ɗanwakensa.

Gam kwana yake so, amma Saudat gobe za ta zo, don haka ana idar da la'asar Ishiyaku ya ce a ɗauke duwatsun. Suka cicciɓi buhu na farko suka ɗora a kan haɗin. Shiru. Suka ɗora na biyu. Katakon ya ɗan yi ƙara, ƙiii, kamar ƙofar da ta kwana biyu ba mai, sannan ya tsaya cak. Ishiyaku ya tsuguna ya leƙa ta ƙasa, ya shafa, bai ji ko tsaga ba.

"Alhamdu lillahi! Ya ɗauke ta!" ya faɗa da ƙarfi. "Wallahi ya ɗauki Barira!"

"Wace Barirar?"

Tana tsaye a bakin zaure cikin hijabi, ta dafa bango. Ishiyaku ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa.

"Tun safe nake jin ana kiran sunana ana nishi," ta ce. "Na faɗi, na karye, yanzu kuma an ɗauke ni. Ashe ni ce wannan?" Ta nuna buhunan da haɓa. "Kuma duk abin aunawa na duniya, ba shinkafa ba, ba gero ba, sai taki?"

"Shi ne a kusa," in ji Ishiyaku.

"Yaya, ni na ce masa..."

"Rufe min baki, kai ma da hannunka a ciki. Ku sauke min kishiyoyin nan in ga akurkin."

Suka sauke buhunan nan da nan. Barira ta tako a hankali, ta zagaya ɗakin, ta taɓa 'yar tagar da aka sa wa raga, ta ja ƙofar ta tura. Ishiyaku kuwa yana biye da ita kamar wanda ya kawo akuya kasuwa. Da ta zo shiga sai ta tsaya. Bakin ƙofar ya kai mata cinya, kuma duk cikinsu ba wanda ya tuna da matakala. Ta ɗaga ƙafa, ƙafar ta ƙi.

Tajuddeen ya tuna cewa ya bar wani abu a babur ɗinsa, ya tafi nema, ya juya musu baya.

Ishiyaku ya waiga hagu da dama, layin ba kowa. Ya gyara tsayuwa, ya ware ƙafafu, ya ja numfashi irin na mai shirin ɗaukar buhu biyu, ya kama ta ta ƙugu ya ɗaga.

Saura kaɗan ya faɗi ta baya. Ta taso masa sama gaba ɗaya, ba wani nauyi, hannuwansa suka nutse cikin hijabi da zane har suka tarar da ƙashi. Ya ajiye ta a bakin ƙofar, ya kasa sakin ta. Kullum yana ganin ta, kullum tana miƙo masa kunu, amma hijabin yake gani da muryar, sauran kuma yana cikawa da Barirar da ya sani. Kunya ta kama shi, da baƙin ciki.

Ta zame daga hannunsa ta rarrafa ciki, ta zauna daram a kan haɗin. Ishiyaku ya kasa kunne. Tun safe yake roƙon Allah kada katakon nan ya yi ƙara, yanzu kuwa da zai yi ko 'yar ƙiii ɗin nan da ya ji daɗi. Katakon bai ce uffan ba.

"To, Malam mai awo," ta ce daga ciki, "buhu nawa ka samu?"

Ya sunkuyar da kai yana murza wani sukuru da ya riga ya ɗauru.

Barira ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta miƙe ƙafafunta, ta bubbuga haɗin da tafin hannu.

"Aikin ya yi kyau. Kada ka rage masa komai, ka bar shi na buhu biyun. An ce kifin Tiga yana sa ƙiba." Ta ɗaga murya. "Tajuddeen! In ka gama neman abin da ba ka yar ba, kira min Saudat ka ce kada ta ƙona mai gobe. Kuma a yi min matakala."

"A bar matakalar," in ji Ishiyaku. "Ni zan riƙa ɗaga ki. In kin ƙaru in sani."