Teku a Falon Raihana

Isufu mutumin Damagaram ne, bai san ruwa ba sai da aiki ya kawo shi Lyon. Wani abokin aikinsa ya kai shi kulob ɗin masu surfski, kwale-kwalen nan siriri mai tsawo da ake tsere da shi a teku. Abin ya shiga ransa, har ya sa sunansa a wata gasa da za a yi a gaɓar Bretagne, inda iska ba ta da sauƙi.

Matarsa Raihana ba ta so ba, kuma ta faɗa masa. Amma ta lura da abin da ke damunsa. Kogin Saône da yake gwaji a kai kwance yake lumui, ga shi ranar da ya je Marseille ya gwada teku, raƙuman ruwa suka yi ta kifar da shi har ya haƙura ya dawo gida.

Washegari ya taso daga aiki ya tarar ta naɗe kafet ɗin falonsu da ke unguwar Minguettes, ta ɗora katako a kai. Ta miƙa masa sandar shara, ta ce ya hau ya tuƙa kamar yana cikin kwale-kwale. Yana cikin tuƙi ta sa ƙafa ta hankaɗe katakon, sai ga shi a ƙasa.

"Malam, teku ba za ta yi maka sallama ba kafin ta ture ka," in ji ta. "Koma ka hau."

Haka suka riƙa yi kullum bayan la'asar. Wani lokaci ta ture daga hagu, wani lokaci ta bari sai ya saki jiki. Maƙwabcinsu na ƙasa ya hau ya yi ƙorafi, da ya ga abin da ake yi sai ya zauna kallo.

Da lokaci ya yi suka ɗaure jirgin a kan mota, suka yada zango a garin Sevran wajen yayarta Hamdiya. A nan saƙon masu gasar ya iso: gobe iska za ta yi ƙarfi, wanda bai amince da kansa ba yana iya janyewa. Isufu ya kasa cin dambun da aka zuba masa. Ya ce wataƙila ya haƙura, Hamdiya ta ce wannan shi ne hankali.

Raihana ta bi shi baranda.

"Ni tsoro nake ji har yanzu," ta ce. "In don kanka za ka fasa, mu koma Lyon, ba mai cewa komai. In don ni ne, ban yarda ba."

Ya daɗe yana kallon jirgin a ƙasa, sannan ya ce ta duba masa igiyar rigar ruwansa, kamar ta saki. Ta nemi allura wajen Hamdiya ta ɗinke.

A gasar ya kife, ya hau, ya sake kifewa, ya sake hawa. Cikin na ƙarshe ya iso gaɓa, leɓensa na rawa don sanyi, yana dariya. Raihana ta lulluɓe shi da bargo, ta karɓi makullin motar. Kafin su fita daga garin barci ya kwashe shi, ita kuwa ta rage rediyo ta kama hanya.